Tsofaffin taswirorin jihohin bakin iyakar Amurka da dalilin da ya sa ake rububinsu

A watan Disamban 2010 aka yi gwanjon wata tsohuwar taswirar Amurka a gidan gwanjo na Christie's da ke birnin New York, a kan kuɗi kusan dala miliyan 2.1.

Wani maƙerin azurfa ɗan jihar Connecticut mai suna Abel Buell ne ya buga ta a 1784, watanni shida bayan Birtaniya ta sanya hannu a kan yarjejeniyar amincewa da 'yancin Amurka. Ita ce taswirar sabuwar ƙasar ta farko da wani Ba'amurke ya tsara, ya kuma buga a cikin gida, kuma kwafi bakwai kaɗai aka san sun yi saura. Attajirin da ya saye ta, David Rubenstein, ya miƙa ta ga Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka domin jama'a su riƙa gani.

Wanda ya saba da taswirar Amurka ta yau zai sha mamaki idan ya dube ta. Jihohin Virginia da North Carolina da Georgia sun miƙe zuwa yamma kamar ƙyallayen saƙi har bakin kogin Mississippi, kuma babu jihohin Kentucky da Tennessee da Ohio, domin ba a ƙirƙiro su ba tukuna.

Irin waɗannan taswirori na yankunan da Amurkawa ke kira bakin iyaka suna cikin waɗanda masu tara kayan tarihi suka fi nema. An zana su ne a daidai lokacin da ake kokawar mallakar ƙasar, kuma su kansu suna cikin kayan aikin da aka mallake ta da su. A nan ne darajarsu take, a kasuwa da kuma a wurin masana tarihi.

Mene ne jihohin bakin iyaka?

A lokacin samun 'yanci, jihohi 13 na farko suna jere ne a gaɓar tekun Atlantika. Bayan duwatsun Appalachia kuwa, ƙasa ce ta al'ummomin 'yan asalin nahiyar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan Indiyawa, irin su Cherokee da Shawnee da Creek da Miami.

Bakin iyaka shi ne inda Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka kai a kowane zamani, kuma ya yi ta gusawa zuwa yamma har tsawon ƙarni guda.

Wata dokar 1787 ta tanadi cewa yankin da ke arewacin kogin Ohio zai iya zama jiha idan mazaunansa waɗanda ba bayi ba suka kai 60,000, kuma aka yi koyi da wannan tsari a wasu wurare. Kentucky ta zama jiha a 1792, Tennessee a 1796, Ohio a 1803, Louisiana a 1812, sai Indiana da Mississippi da Illinois da Alabama tsakanin 1816 da 1819, sannan Missouri a 1821.

A 1803 Amurka ta sayi yankin Louisiana daga Faransa a kan dala miliyan 15, abin da ya kusan ninka girman ƙasar. Texas ta shigo a 1845, Kaliforniya a 1850. Bayan ƙidayar jama'a ta 1890 hukumar ƙidaya ta bayyana cewa babu sauran wani layi da za a iya nunawa a ce nan ne bakin iyaka.

Don haka akasarin masu tara irin waɗannan taswirori sun fi mayar da hankali ne a kan shekarun da ke tsakanin 1784 da 1890.

Taswira a matsayin talla

Taswirar Kentucky ta farko da aka buga, aikin wani malamin makaranta ne ɗan Pennsylvania mai suna John Filson. Ya mallaki filaye fiye da eka 12,000 a yankin, kuma yana buƙatar masu saye.

A 1784 ya wallafa littafi a kan Kentucky a garin Wilmington, aka buga taswirar da ke tare da shi a Philadelphia. Littafin ya yabi ni'imar ƙasar, ya kuma ƙunshi labarin maharbin nan Daniel Boone, wanda daga nan ne sunansa ya bazu. Shekara guda bayan haka aka fassara shi zuwa Faransanci a birnin Paris.

Mutane da dama da suka sayi filaye a wancan zamani ba su taɓa taka wurin ba. Cinikin biri a sama ne, kuma taswira ce kaɗai shaidar da ke hannunsu. Shi kansa Filson bai ci moriyar aikinsa ba, domin ya ɓace a daji a 1788 yayin da yake aikin safiyo a kusa da inda birnin Cincinnati yake a yau. Ƙungiyar tarihin da aka kafa a Louisville a 1884 tana ɗauke da sunansa.

A 1795 mawallafin nan na Philadelphia, Mathew Carey, ya fitar da kundin taswirori na farko da aka buga a Amurka. A ciki akwai taswirar Tennessee da aka tsara bisa safiyon Janar Daniel Smith, shekara guda kafin yankin ya zama jiha.

Daga baya kamfanoni irin na S. Augustus Mitchell a Philadelphia da na J. H. Colton a New York suka riƙa buga taswirorin aljihu, waɗanda ake naɗewa a cikin ƙaramin bango, domin masu ƙaura zuwa yamma. An buga su da yawa, amma da yake amfani ake yi da su a kan hanya, a cikin ruwa da rana, kaɗan ne suka tsira lafiya. Wannan ne ya sa wasu daga cikinsu suka fi waɗanda ke cikin kundaye tsada a yau.

Yadda aka yanka ƙasa da sarƙa

Gwamnatin tarayya ta fita daga yaƙin neman 'yanci da ɗimbin bashi, kuma babbar kadararta ita ce filayen yamma. Dokar filaye ta 1785 ta ba da umarnin a auna su kafin a sayar.

An raba ƙasar zuwa gundumomi masu kusurwa huɗu, kowace mil shida tsawo mil shida faɗi, wato kimanin kilomita 9.7 ta kowane gefe. Kowace gunduma tana da yanki 36, kowane yanki eka 640, kimanin hekta 259. An keɓe yanki na 16 domin tallafa wa makarantu, aka kuma sa mafi ƙarancin farashi dala ɗaya a kan kowace eka.

Thomas Hutchins, wanda ke riƙe da muƙamin masanin taswira na ƙasa, ya fara aikin a watan Satumban 1785 a bakin kogin Ohio, inda ya yi iyaka da Pennsylvania. Ma'aunin da masu safiyo suka yi amfani da shi sarƙa ce ta ƙarfe mai tsawon ƙafa 66 da gaɓa 100.

Wannan shi ne asalin miƙaƙƙun layukan da ke cika taswirorin jihohin tsakiya da na yamma, waɗanda har yau matafiyi a jirgin sama yakan gani a tsarin gonaki da hanyoyi. Mai tara taswirori yana iya bin yaɗuwar waɗannan layuka daga bugu zuwa bugu, ya ga shekarar da masu safiyo suka isa kowane yanki.

Kurakuran da suka haddasa rigima

A wasu fannonin kayan tarihi kuskure yana rage daraja. A fannin taswira sau da yawa shi ne yake ƙara ta, musamman idan kuskuren ya shiga cikin yarjejeniya.

Wakilan Amurka da na Birtaniya sun yi amfani da taswirar John Mitchell ta 1755 wajen shata iyaka a yarjejeniyar Paris ta 1783. Sun amince cewa iyakar za ta tashi daga kusurwar arewa maso yammacin tafkin Lake of the Woods ta miƙe yamma har kogin Mississippi. Daga baya aka gano cewa mafarin kogin yana can kudu, don haka layin ba zai taɓa haɗuwa da shi ba. Gyaran da aka yi ya bar wani ɗan yanki na jihar Minnesota wanda ba a iya isa gare shi ta ƙasa sai an ratsa Kanada. Yarjejeniyar ta kuma ambaci wani tsibiri mai suna Phelipeaux a tafkin Superior, wanda babu shi sam.

Taswirar ta kuma sanya ƙarshen kudancin tafkin Michigan can arewa da inda yake. Da yake daga wannan wuri aka ce a ja iyaka, sai jihar Ohio da yankin Michigan suka shiga takaddama a kan wani zirin ƙasa mai faɗin murabba'in mil 468, wanda garin Toledo yake ciki. A 1835 kowane ɓangare ya tura mayaƙan sa-kai. Ba a rasa rai ba, amma sai da majalisar dokoki ta shiga tsakani: Ohio ta riƙe Toledo, aka ba Michigan babban yankin da ke arewacinta a madadi, ta zama jiha a watan Janairun 1837.

John Melish, ɗan asalin Scotland da ya zauna a Philadelphia, ya buga babbar taswira a 1816 wadda ta nuna Amurka daga teku zuwa teku, a lokacin da ikon ƙasar bai kai can ba. An ambaci bugun 1818 na taswirar da suna a yarjejeniyar iyaka da Sifaniya ta 1819. Rashin daidaiton yadda ta nuna kogin Red River ya janyo jayayya tsakanin Texas da gwamnatin tarayya a kan gundumar Greer, wadda sai a 1896 Kotun Ƙoli ta warware, yankin ya faɗa cikin Oklahoma.

Haka aka yi bayan yaƙin Amurka da Meziko. An maƙala taswirar John Disturnell ta 1847 a jikin yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848, alhali ta sanya garin El Paso fiye da kilomita 50 arewa da inda yake, da kuma fiye da kilomita 150 zuwa gabas. Ƙasar da ake jayayya a kanta tana kan hanyar da Amurka ke son shimfiɗa layin dogo. An kawo ƙarshen batun ne da cinikin Gadsden, wanda aka kammala a 1854, inda Amurka ta biya dala miliyan 10.

Jihohin da suka ɓace

Wani rukunin da ake nema ruwa a jallo shi ne na taswirorin da ke nuna jihohin da ba su ɗore ba.

A 1784 mazauna gabashin Tennessee ta yau suka ɓalle daga North Carolina, suka kafa jihar Franklin, John Sevier ya zama gwamna. Da suka nemi shiga tarayya a 1785, jihohi bakwai ne suka goyi baya, alhali ana buƙatar tara. Zuwa 1788 gwamnatin ta watse. Taswirori ƙalilan ne suka rubuta sunanta, kuma wasu mawallafa a Turai sun ci gaba da sanya shi shekaru bayan ta shuɗe.

Texas kuwa ta kasance jamhuriya mai cin gashin kanta daga 1836 zuwa 1845. Taswirorin wancan lokaci sun nuna ta da wani dogon wuya da ya miƙe arewa ta cikin Colorado har Wyoming ta yau. A 1850 ta janye wannan da'awa, aka biya ta dala miliyan 10. Taswirar da Stephen F. Austin ya tsara, wadda Henry S. Tanner ya buga a Philadelphia a 1830 lokacin da yankin ke ƙarƙashin Meziko, tana cikin mafiya tsada a wannan fanni.

A 1849 mabiya ɗariƙar Mormon suka nemi a ba su jiha mai suna Deseret, wadda za ta haɗa akasarin Utah da Nevada har zuwa gaɓar teku a kudancin Kaliforniya. Majalisa ta ƙi, ta kafa yankin Utah a 1850. Akwai kuma yankin Jefferson da masu haƙar zinariya suka ayyana a 1859 kafin a kafa Colorado a 1861, da jihar Sequoyah da al'ummomin 'yan asali suka nema a 1905 kafin a haɗe yankinsu cikin Oklahoma a 1907.

Akwai ma koguna da hamada na ƙage. An shafe gomman shekaru ana zana wani kogi mai suna Buenaventura yana gangarowa daga duwatsun Rocky zuwa tekun Pasifik, har sai da tafiyar John C. Frémont ta 1843 zuwa 1844 ta tabbatar babu shi. Bayan tafiyar Stephen Long ta 1820 kuma aka riƙa rubuta babbar hamada a kan filayen da a yau suke cikin manyan wuraren noman alkama na duniya.

Sunayen da aka share

Idan aka jera taswirorin jiha guda bisa shekaru, abin da ya fi fitowa fili shi ne yadda sunayen 'yan asalin ƙasar ke raguwa.

A taswirorin farko ana rubuta sunayen al'ummomi da manyan baƙaƙe, tare da garuruwansu da hanyoyinsu. Sai a ga layin yarjejeniya, kamar na Greenville na 1795 wanda ya miƙa akasarin Ohio ga Amurka bayan an ci ƙawancen 'yan asali da yaƙi. A bugu na gaba sai a tarar an maye gurbin sunayen da na sababbin gundumomi.

Bayan dokar kwashe 'yan asali ta 1830, aka tilasta wa al'ummomin kudu maso gabas ƙaura zuwa yammacin Mississippi. An ƙiyasta cewa 'yan Cherokee kimanin 4,000 ne suka mutu sakamakon ƙaurar da aka fara a 1838.

Alhali kuwa da ilimin mutanen nan aka zana taswirorin tun farko. A 1801 wani shugaban al'ummar Blackfoot mai suna Ac ko mok ki ya zana wa Peter Fidler, ma'aikacin kamfanin Hudson's Bay, taswirar rassan kogin Missouri. Bayanan suka isa Landan, Aaron Arrowsmith ya sanya su a taswirarsa ta 1802, kuma tana cikin waɗanda Meriwether Lewis da William Clark suka dogara da su a tafiyarsu zuwa Pasifik tsakanin 1804 da 1806. Taswirar Clark, wadda aka buga a 1814, ita ma ta ƙunshi bayanai masu yawa daga bakin mutanen da suka tarar a hanya.

Abin da ke yanke farashi

Tsufa kaɗai ba ya sa taswira tsada. Dillalai sukan duba abubuwa huɗu: ƙarancinta, da muhimmancinta a tarihi, da lafiyarta, da kuma yawan masu neman yankin da ta nuna. Taswirorin Texas da Kaliforniya, alal misali, suna da masu saye da yawa.

Shafi guda da aka ciro daga kundin Colton ko na Mitchell na tsakiyar ƙarni na 19 sau da yawa ba ya wuce 'yan ɗaruruwan daloli, domin an buga dubbai. Daga irinsu ne akasarin masu sha'awa ke farawa. Sai dai al'adar farke kundi a sayar da shi shafi-shafi tana shan suka daga ma'aikatan ɗakunan karatu, waɗanda ke ganin ana lalata littafi ne domin riba.

Wani muhimmin abu shi ne matakin bugu. Mawallafi yakan gyara farantin da yake bugawa da shi, ya ƙara gari ko ya sauya iyaka, ba tare da ya canja shekarar da ke rubuce ba. Masana sun ƙidaya matakai fiye da 20 na taswirar Melish, kuma farashinsu ya bambanta.

Saboda haka ƙwararru sun fi dogara da iyakoki wajen gane shekaru. An kafa yankin Idaho a 1863, Montana a 1864, Wyoming a 1868. Taswirar da ta nuna Idaho babu Montana, an tsara ta ne a ɗan taƙin da ke tsakani. Wadda ta nuna Nebraska ta kai iyakar Kanada kuwa, ta shekarun 1854 zuwa 1861 ce.

Gane ta gaske da ta jabu

Har zuwa farkon ƙarni na 19 ana sassaƙa taswira ne a kan farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a danne takarda a kai da ƙarfi. Gefen farantin yakan bar wani ɗan kwari kewaye da zanen, wanda ake iya ji da yatsa. Daga wajejen 1830 aka fara komawa bugun dutse, wanda ba ya barin wannan alama.

Takardar ƙarni na 18 da tsumma ake yin ta, kuma idan aka ɗaga ta ga haske ana ganin siraran layuka a jere, wani lokaci har da tambarin masana'anta. Takardar da aka yi da niƙaƙƙen itace, wadda ta yaɗu bayan tsakiyar ƙarni na 19, takan yi ja ta yi ƙamas.

Da hannu ake shafa launi. Koren launi na da yana ɗauke da jan ƙarfe, don haka yakan ratsa zuwa bayan takarda ya bar tabo ruwan ƙasa, abin da ke nuna launin na asali ne. Taswirar da aka ciro daga kundi kuma yawanci tana da alamar ninki a tsakiya. Kwafin zamani yakan tona kansa idan aka duba da gilashi mai ƙara girman abu, domin za a ga ƙananan ɗige-ɗige a jere.

Duk da haka, ko ƙwararru ana yaudarar su. A ƙarshen shekarun 1980 wani maɗaba'i kuma dillalin littattafai a birnin Austin, W. Thomas Taylor, ya gano cewa kwafi da dama na takardar ayyana 'yancin Texas da ke hannun jami'o'i da attajirai na jabu ne. A 2021 kuma jami'ar Yale ta tabbatar cewa taswirar Vinland, wadda ta gabatar wa duniya a 1965 a matsayin aikin ƙarni na 15, jabu ce, domin tawadarta na ɗauke da wani sinadarin da sai a shekarun 1920 aka fara sanya shi a tawada.

Shi ya sa masu saye ke neman tarihin hannayen da taswira ta bi, da kuma rubutacciyar shaida daga dillali.

Manyan masu tarawa

Lauyan nan Thomas W. Streeter, wanda ya rasu a 1965, ya tara littattafai da taswirori na yammacin Amurka masu yawan gaske. Gwanjon kayansa a New York tsakanin 1966 da 1969 ya tara sama da dala miliyan 3, kuma har yau dillalai na ambaton lambobin kundin gwanjon wajen bayyana kayansu. Haka suke yi da aikin Carl I. Wheat mai juzu'i biyar a kan taswirorin yammacin Mississippi, wanda ya fito tsakanin 1957 da 1963.

David Rumsey ya fara tarawa a farkon shekarun 1980, ya tara fiye da taswirori 150,000. Ya ba jami'ar Stanford kyautarsu, aka buɗe cibiya da sunansa a 2016, kuma fiye da 100,000 daga ciki suna kan intanet, kowa yana iya dubawa kyauta.

Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki yana da taswirori sama da miliyan biyar. A 2003 ya kammala sayen taswirar Martin Waldseemüller ta 1507, wadda ita ce ta fara ɗaukar sunan nahiyar Amurka, a kan dala miliyan 10. Ɗakin karatu na Newberry da ke Chicago da ofishin filaye na Texas, wanda aka kafa a 1836, su ma suna da manyan rumbuna.

Sata da kariya

Hauhawar farashi ta jawo ɓarayi. Taswira takarda ce guda, tana shiga aljihu, kuma akan yi shekaru kafin a lura an yanke ta daga littafi.

A watan Disamban 1995 aka kama Gilbert Bland a ɗakin karatu na Peabody da ke Baltimore, daga bisani aka gano ya saci taswirori fiye da 100 daga wurare daban-daban.

A watan Yunin 2005 kuma, a ɗakin karatu na Beinecke a jami'ar Yale, aka tsinci reza a ƙasa kusa da inda wani sanannen dillali, E. Forbes Smiley, yake zaune. Ya amsa laifin satar taswirori 97 da kuɗinsu ya haura dala miliyan 3 daga wurare shida, ciki har da Harvard da Newberry da Ɗakin Karatu na Birtaniya. A 2006 aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara uku da rabi.

Tun daga nan ɗakunan karatu suka ƙara kyamarori, suka shiga ɗaukar hoton kowace taswira domin a iya gane ta idan ta ɓulla a kasuwa.

A gida kuwa, manyan abokan gaban tsohuwar takarda su ne hasken rana da danshi da ƙwari. Masana adana takardu suna ba da shawarar a shimfiɗa taswira a cikin jakar takarda marar sinadarin da ke cin takarda, a guji manna ta da gam ko tef, kuma kada a rufe ta da leda da zafi, domin hakan ba ya gyaruwa. Idan ta yage, da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama ake ɗinke ta.

Taswira a gaban alƙali

Aikin waɗannan takardu bai tsaya a bangon attajirai ba. A 1899 aka wallafa taswirori 67 da Charles C. Royce ya tsara, waɗanda suka nuna jiha bayan jiha kowane yankin da aka karɓa daga hannun 'yan asali, da yarjejeniyar da aka karɓe shi da ita.

Lokacin da gwamnati ta kafa hukumar sauraren ƙorafin 'yan asali a 1946, lambobin Royce ne suka zama ma'aunin tantance filayen da ake magana a kansu. Kafin a rufe hukumar a 1978 ta ba da umarnin biyan diyyar fiye da dala miliyan 800.

Ba kowa ne ya karɓi kuɗi ba. A 1980 Kotun Ƙoli ta tabbatar da diyyar sama da dala miliyan 100 ga al'ummar Sioux a kan duwatsun Black Hills, waɗanda yarjejeniyar 1868 ta bar musu kafin a ƙwace bayan gano zinariya. Sun ƙi karɓa, suna cewa ƙasar suke nema.

A 2020 kuma kotun ta yanke hukunci cewa iyakokin da yarjeniyoyin ƙarni na 19 suka shata wa al'ummar Muscogee a gabashin Oklahoma suna nan daram ta fuskar shari'ar manyan laifuka, domin majalisa ba ta taɓa soke su ba.